Siririyar Waya

Tun da suka ajiye motar kwanansu a sansanin shaƙatawa na bakin teku, Tak Byeong-ho yake tsugune a gindin sandar wuta, yana shafa wayar da ta haɗa motar da soket. Ranar da ya je sayen wayar, mai shago ya nuna masa mai kauri, amma ya ɗauki siririya don ta fi daɗin naɗewa. Ga shi yanzu sai ɗaukar zafi take yi.

A ciki surukarsa ta jona tukunyar shinkafa, ta jona shimfiɗar lantarki saboda ciwon bayanta. Ina shi ina cewa tsohuwa ta cire wani abu? Sai ya lallaɓa ya kashe firji, ya dawo ya taɓa wayar. Zafin na nan.

Matarsa Sun-ok ta leƙo ta taga. "Baban Ha-rin, jaririya ce kake rarrashi? Kuma wa ya kashe firji? Kimchin Mama, kwaɗon kabejin nan nata, zai yi tsami!"

"Rufa min asiri, yi a hankali."

Sai ga muryar tsohuwa, cike da fara'a: "Ɗan nan, ka iya zaɓen mota! Ina zan jona abin busar da gashi?"

Warin ƙonewar roba ya bugi hancinsa.

"Gefen gado, Mama," ya ji bakinsa ya faɗa.