Buhun da Ya Zo daga Gembu

Bappayo ya yi shekara talatin da ɗaya a ma'aikatar gona kafin ya yi ritaya, kuma a unguwar Malam Inna da ke Gombe an san ba a kawo masa ƙwaya a tafin hannu ya kasa faɗin sunanta. Shi ya sa ranar da wani direba ya sauke masa ɗan buhu daga 'yarsa Su'ad, wadda ke aikin jinya a Gembu can kan tsaunin Mambila, ya kwance bakinsa da ƙarfin gwiwa ya ɗebo.

Sai ya shiga jujjuya abin a tafin hannu.

Abin kamar gyaɗar da aka raba biyu, gefe guda a shafe da tsaga a tsakiya, ga ɓawo fari-fari mai kaushi. Ya shinshina, ƙanshin busasshiyar ciyawa. Ya sa haƙori, tamkar tsakuwa.

"Malam, mene ne?" matarsa Fatimatu ta tambaya.

"Iri ne."

"Irin me?"

"Irin can wajensu," ya ce, ya laluba aljihu ya kira Su'ad. Layin na ta yankewa.

"Baffa, kofi ne!"

"Na zazzage buhun nan, babu kofi ko na roba."

"Ba na shan ruwa ba, gahawa! Sai an soya, amma kafin nan..." Maganar ta katse, ba ta sake shiga ba.

Gahawa kam ya santa: gari ne ruwan ƙasa a gwangwani kan teburin mai shayi, ana zuba shi a ruwan zafi ya narke. Ya taɓa karantawa cewa daga bishiya take, amma shi aikinsa a kan masara da auduga da wake ya ƙare. Yadda wannan tsakuwa za ta zama wancan gari, nan kansa ya ɗaure.

Fatimatu ta ce tunda suya ce ai da sauƙi. Ta zuba yashi a kasko kamar za ta soya gyaɗa. Ɓawon ya kama hayaƙi, gida ya turnuƙe, waje ya yi baƙi ƙirin, ciki ɗanye shar. Suka daka, suka zuba a ruwan zafi, ya ƙi narkewa. Bappayo ya kurɓa ya tofar a gindin dalbejiya.

Maƙwabciyarsu Mairamu, da hayaƙin ya shigo da ita, ita ta ce akwai wata tela a Herwagana mai suna Hilda, a Mambila aka haife ta. Washegari da hantsi ya ɗauki kwano guda na ƙwayar ya hau Keke Napep.

Hilda dattijuwa ce mai tabarau. Tana ganin kwanon ta tsayar da keken ɗinki, ta ɗebi ƙwayar tana murzawa.

"Baba, a gonar wannan na girma. Ɗan itacen ja ne jawur, bai fi magarya girma ba."

"Ja? Ai wannan fari ne."

"An cire naman. Ƙwaya biyu ke cikin kowane ɗa."

"To naman fa, shi ake ci?"

"Taki ake yi da shi."

Bappayo ya gyara hula. "A zubar da ɗan itace a riƙe ƙwallo?"

"Ƙwarai. Sai a jiƙa ƙwallon kwana ɗaya ko biyu har yauƙinsa ya saki, a wanke, a shanya mako biyu."

"A jiƙa don a shanya."

"Haka ne."

Bappayo ya sake duban ƙwayar. Can ya ce, in haka ne shi zai shuka nasa a bayan gida ya gani da idonsa. Hilda ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce bishiyar sanyi take so da inuwa, zafin Gombe zai kashe ta tun tana tsiro, kuma ko a can sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta ba da ɗan fari.

Ta kai shi tsakar gidanta, ta zuba ƙwayar a turmi ta sussuka a hankali, ta sheƙe a faifai. Ɓawon ya tashi, abin da ya rage kore-kore ne.

"Ɗazu kin ce ja," in ji Bappayo. "Na zo da fari. Yanzu ga kore. Wanda nake sha kuma ruwan ƙasa ne. Madam Hilda, abu ɗaya muke magana a kai kuwa?"

"Riƙe muciyar nan, Baba."

Ta ɗora kasko a kan gawayi, babu yashi, babu mai. Ta ce ya yi ta juyawa kada hannunsa ya tsaya, kuma ya kasa kunne. Koren ya koma rawaya, rawayar ta fara duhu, gumi na bin wuyan rigarsa. Sai ya ji ƙas, ƙas, kamar gugguru.

"A sauke?"

"In kana so. In ka jira kaɗan za ta sake yin ƙara, ta fi ɗaci."

"Wanne ne daidai?"

"Duka biyun."

Wannan amsa ta fi komai damunsa. Shi da ya saba da buhun taki kaza a kadada kaza, tazara kaza tsakanin shuka, yau an ce masa duka biyun. Yana cikin wasiwasi ƙara ta biyu ta fara, Hilda ta fizge kaskon ta juye a faifai tana fifitawa. Ƙanshin da ya tashi bai taɓa jin irinsa ba. Ya miƙa hannu, ta ce a'a, sai ta huta kwana uku. Kuma ba za ta narke ba, tacewa ake yi.

A rana ta uku Fatimatu ta daka, ya zuba tafasasshen ruwa, ya tace. Ya kurɓa. Ɗaci, da ɗan tsami a ƙarshen harshe, babu abin da ya haɗa ta da ta gwangwani.

"Ta yi?" Fatimatu ta tambaya.

Ya sake kurɓa. Bai sani ba. Da wace zai gwada ta? Ya juye sauran a filas ya koma Herwagana.

Hilda ta sha, ta ajiye kofin.

"Ta babana ta fi wannan ɗaci," ta ce. "Ta mamata ba ta kai ba. Shekara arba'in suna gardama a kai. Kai ta yi maka?"

Bappayo ya leƙa cikin filas ɗin, ya ja kujera ya zauna.

"Ƙaro mini kaɗan tukuna," ya ce.