Ɓangaren Rana

Mutum huɗu ne a kan hasumiyar jirgin, sun ba juna baya kamar waɗanda suka yi faɗa. Kowa da tabaron hangen nesa a ido, kowa da ɓangarensa na teku da sama. Jirgin mai nutso ne, irin dogayen nan da Jamus ta ƙera don tafiya mai nisa, yana kan hanyar komawa sansaninsa na Lorient, a gaɓar Faransa, daga kudancin Afirka, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Yawancin tafiyar a saman ruwa ake yin ta, kuma muddin yana sama, ran duk wanda ke ciki yana hannun mutum huɗun nan.

Dokar gadi ɗaya ce, tun a wurin horo ake cusa ta a kai: ka dubi naka, kada ka waiwaya. Ko wuta ce ta tashi a bayanka, ba taka ba ce, akwai mai ita. Gida huɗu aka raba sararin, kuma jirgin saman Ingila ba abin da yake nema sai ɓangaren da aka bari ba kowa. A jirage irin wannan, gara a kama mutum yana gyangyaɗi da a kama shi yana leƙen ɓangaren wani. Ewald Tiedemann, ɗaya daga cikin huɗun, ya san wannan sarai, amma ya yi makonni yana karya dokar.

Na gefensa Hinnerk Boysen ne, mijin yayarsa Telse, masunci daga wani ƙauye a gaɓar arewa, wanda ya fi kowa daɗewa a gadi. Shi ake bai wa ɓangaren rana kullum, domin ta cikin haskenta matuƙan jirgin sama suka fi son ɓullowa. Ana cewa Hinnerk yakan hango tsuntsu tun yana ɗigo. An daɗe ana faɗin haka, har ba wanda ya ƙara bincikawa ko maganar tana nan.

Ewald ya gane ne ranar da Hinnerk ya miƙo masa allura da zare. Suna zaune a ɗakin gaba, inda ake kwana a tsakanin makamai, ga burodi a rataye ya yi funfuna fari fat, ga warin man inji da na mutanen da rabonsu da wanka tun a gida. Mutumin da ya tashi cikin ɗinkin komar kamun kifi, wai yau shi ke cewa a zura masa zare. Ewald ya shiga yi masa tsiya, ya ce ashe tsufa ya kawo jiki, bari a koma ya ba Telse shawara ta nemi sabon jini. Hinnerk bai rama ba, shi da ba a kayar da shi a baki. Sai Ewald ya ɗaga kai ya dubi idanun. Sun yi ja, suna ta ruwa, kuma ba allurar suke kallo ba, gefenta suke kallo.

"Tun yaushe?" in ji Ewald, ƙasa-ƙasa.

"Tun muna kudu. Kamar hayaƙi ne a tsakiya, gefe-gefe kuwa ina gani. Ka riƙe bakinka, ƙanena."

Ba sai an yi wa Ewald bayani ba. Kyaftin, wanda kowa ke kira Tsoho ko da yake bai kai talatin ba, da zai ji, a ranar zai sauke Hinnerk daga gadi, likita ya ƙarasa sauran a Lorient. Mai gadin da ba ido ba shi da aiki a teku. Irinsu bindiga ake miƙa musu a tura su gabas, fagen yaƙin Rasha, inda 'yan ƙauyensu da dama suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Telse kuwa, ranar da ta raka su tashar jirgin ƙasa, ba ta yi kuka ba. Kunnen Ewald ta kama kamar yadda take yi masa suna yara, ta ce ya dawo mata da mijinta, in ba haka ba shi ma ya yi zamansa can. Wasa take yi, amma Ewald ya san yayarsa.

Hinnerk ya ce a bari dai a isa gida, in ya samu hutu a inuwa idon zai washe. Sai Ewald ya fara abin da ya ga zai iya. Tabaronsa yakan taho a hankali daga gefe zuwa gefe yadda aka koya musu, in ya kai iyakar nasa sai ya zarce cikin na Hinnerk, ya share shi da sauri, ya dawo. Laftana Rehbein, hafsan da ke shugabantar gadin, gaba yake kallo, shi ma ba shi da izinin waiwaye. Na huɗunsu ma haka. Ba wanda ya gani, tun da ba wanda ke kallon wani.

Aikin mutum biyu da ido biyu ba wasa ba ne. Ewald ya riƙa saukowa daga gadi kansa na sarawa, har kuku Jahnke ya fara tsokanarsa, wai ko dankalinsa ne ya daina yi masa daɗi, ko kuwa wata ce a Lorient take hana shi ci. Wata rana suna tuɓe rigunan ruwa, Hinnerk ya matso kusa da shi.

"Wuyan nan naka fa yana yawo. Ka dubi naka."

"Wa zai ɓata lokacinsa a naka?" in ji Ewald. "Fuskar nan ma ai haƙuri Yaya take yi da ita."

Hinnerk ya yi dariya cikin gemunsa, ya tura masa rabonsa na lemon tsami, bai sake tayar da zancen ba. Ewald ya ɗauka magana ta wuce.

Ranar da abin ya faru, da la'asar ne, teku a kwance, gajimare gutsi-gutsi, irin yanayin da masu gadi suka tsana. Ewald ya zarce cikin ɓangaren rana kamar kullum, sai ya ga ɗigo. Ya tsaya a kansa. Ɗigon ya ɓace cikin haske, ya sake fitowa, Ewald ya bi shi, yana ta saƙa yadda zai yi ihu a kan abin da ba nasa ba. Ya daɗe, ya daɗe fiye da yadda ya taɓa yi. Can sai ɗigon ya kaɗa fiffike. Tsuntsu ne.

"Jirgin sama!"

Muryar Hinnerk ce. Ewald ya sauke tabaro, abin da ya gani kuwa bai taɓa barinsa ba. Hinnerk ba rana yake fuskanta ba. Ya karkace jiki, tabaronsa yana nuna ta kan kafaɗar Ewald, cikin ɓangaren da aka bari ba kowa. Daga can jirgin ya taho, ƙasa-ƙasa da ruwa, ya matso har ana ganin kan matuƙin a gilashi.

Rehbein ya ba da umarnin nutsewa. Na huɗun ya faɗa ramin da ake sauka cikin jirgin. Harsasai suka bi ƙarfen hasumiya, Hinnerk ya naɗe a kan shingen hasumiyar. Ewald ya cafko ɗamararsa, ya ja, nauyin ya fi ƙarfinsa, ga ruwa ya riga ya hau bayan jirgin. Rehbein ya sa ƙafa ya tura Ewald cikin rami, ya biyo shi, ya ja murfi ya murɗa. Ba a riƙe murfi saboda mutum ɗaya. Kowa ya san haka, kuma Hinnerk ne ya koya wa rabinsu.

Bama-bamai suka tashi a sama, fitilu suka mutu suka dawo, tukwanen Jahnke suka watse. Jirgin ya tsira.

Da aka samu natsuwa, Tsoho ya tara 'yan gadin a ɗakin tuƙi, ya tambaya daga wane ɓangare ya fito. Rehbein mutum ne mai gaskiya. Ya ce shi bai gani ba, nasa yake kallo, kafin ya juyo jirgin yana bisa kansu, amma Boysen ne ya yi ihu. Shi ke nan, magana ta ƙare. Wanda ya yi ihu shi ne mai ɓangaren, tun da mutum ba ya ganin abin da ba nasa ba. Daga rana ya fito ke nan, kuma an makara da ganinsa. Nan take kowa ya zama mai lura. Jahnke ya tuna ya ga Hinnerk yana lalube kafin ya kama kofi. Wani ya tuna ya gaishe shi ya kira shi da sunan wani. Duk jiya ba wanda ya san komai.

"Yallaɓai," in ji Ewald, "daga ɓangarena ya fito. Ni ne ban gani ba."

Tsoho ya dube shi da ido na mai gajiya. "To yaya aka yi shi ya gani?"

"Nawa yake kallo, Yallaɓai."

"Kai kuma fa?"

"Nasa."

Tsoho ya cire farar hularsa, ya share goshi, ya mayar.

"Boysen ya yi shekaru a gadi, ba a taɓa ganin ya waiwaya ba. Na san mijin yayarka ne, Tiedemann. Ba sai ka ɗauki laifinsa ba, ba abin da za a ƙara yi masa."

Ya dafa masa kafaɗa ya wuce. Mutane suka riƙa kallon Ewald da girmamawa, ana cewa ɗan halak ne, ya so rufa wa mamaci asiri. Jahnke har ya buɗe masa gwangwanin 'ya'yan itace, irin wanda ake ɓoye wa ranar murna. Ewald ya riƙe gwangwanin, bai ci ba. Ya sake faɗa wa mutum biyu gaskiyar, duk suka gyaɗa kai suka ce ya je ya kwanta. Daga nan ya daina. Ya san duk duniya mutum ɗaya ce za ta yarda da maganarsa ba musu, kuma ita ce za ta tare shi a tashar jirgin ƙasa.

Washegari da aka taso sama, Rehbein ya raba gadi. Ya ce yanzu ba mai idon Tiedemann a jirgin, saboda haka ɓangaren rana nasa ne. Ewald ya hau tsani ya tsaya inda Hinnerk ke tsayawa, inda harsashi ya ɓare fenti ƙarfen ya fito fili. Wani ya tsaya a tsohon wurinsa, ya ba shi baya.

"Kowa ya dubi nasa," in ji Rehbein.

Ewald ya ɗaga tabaro. Rana ta cika gilashin, idanunsa suka kawo ruwa, bai waiwaya ba.