Ɗorawar da Ke Cikin Makarantar Alhaji Mele

Ni Dela, mai daddawar Kanya Babba, na san Mele tun yana kwana a rumfar kasuwa. Shekarar samun mulkin kai ya zo daga Chadi da jakin kanwa, Hausarsa ma a karye. Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa ya yi motoci, ya yi tumbi, ya ce zai gina wa yaran gari makaranta tunda shi bai samu karatu ba. To, madalla. Wa ya hana shi?

Ƙanena Lauwali ya sayar masa da gonarmu. Gona ya sayar, bai sayar da ɗorawar da ke tsakiyarta ba. Wannan tawa ce, rabona daga uwarmu, kuma da kalwarta nake daddawar da nake ci. Ko ɗan yaye a garin nan ya san gona daban, itace daban. Mele ya gina makarantar a ciki, ya zagaye duka da katanga.

Da ɗorawa ta nuna na ɗauki maƙatata na je. Maigadi ya ce sai ɗalibi ko malami. Ina leƙe ta ƙofa, ga 'ya'yan mutane bakinsu rawaya fal, suna tofar da kalwata a ƙasa.

Na sami Mele. Ya ce zai ɗauki jikokina kyauta, na ce ba ni da su. Ya ce zai kai ni Makka, na ce in na dawo Makkar zan ci? Sai ya ce ilimi ya fi daddawa.

"Alhaji, in ka isa gida ka ce a kaɗa maka miya da ilimi."

Sai na ji manyan baƙi za su zo daga Kano su yaba masa. Na sayi kalwa a Ɓaɓura, na dafa, na rufe ta kwana ta ruɓa yadda ya kamata. Ranar taro na jera kwandunan a gindin katanga, ta inda iska ke shiga, na buɗe.

Mai jawabi ya fara tari. Baƙi suka toshe hanci da bakin riga. Can sai ga Mele ya zagayo, babbar riga na jan ƙasa, idonsa na hawaye.

"Yaya Dela, don Allah rufe. Me kike so?"

Na ce ƙofa.

An fasa mini ƙofa daidai ɗorawar, mabuɗin na nan a bakin zanena. Saura ya biya ni kalwar bara da ɗalibansa suka tofar. Na ji Gwamna zai zo bayan salla, na riga na jiƙa wata kalwar.