Telan da Ba Ya Rubuta Awo

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon da ke ƙarƙashin benen nan ya san halin tsohon telan: ba ya rubuta awo. Zai ɗora maka tef sau ɗaya, ya ɗan motsa leɓe, shi ke nan ka shiga kansa. Ka dawo bayan shekaru, ya dube ka sama da ƙasa ya ce tumbi ya ci gaba, a ƙara yadi. Ɗansa ke kan keke, teburin yanka kuwa nasa ne, ba mai taɓa masa almakashi.

Matarsa ce ta ja shi wani asibiti inda ake neman tsofaffi masu lafiya don bincike a kan ƙwaƙwalwa. Ya tafi yana mita, wai shi da ko ciwon kai ba ya yi. Aka yi masa tambayoyi ya amsa tiryan-tiryan, aka tura shi cikin wata na'ura mai ƙarar tsiya, aka ɗauki hoton cikin kansa. Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da su ta yi bayani dalla-dalla. Wani abu da ake kira amiloyid ya fara taruwa kaɗan-kaɗan a ƙwaƙwalwarsa, kuma ga alama tana ƙara himma kafin ta yi aikin da ta saba. Amma tunaninsa garau yake. Ta ce wasu kan zauna da abin har ƙarshen rayuwarsu bai taɓa su ba, wasu kuma mantuwa kan biyo baya, ba wanda ya isa ya ce ga inda nasa zai faɗa.

Shi dai garau ɗin ya ji. Matarsa da ɗansa kuwa mantuwa kawai suka riƙe.

Allah sarki, ƙauna ma takan yi ɓarna. Ya nemi tabaraunsa alhali yana bisa goshinsa, abin da aka saba yi masa dariya a kai, sai ya ga an haɗa ido an yi tsit. Ya kira jika da sunan yayarta, matar ta kau da kai tana matse hawaye. Aka shiga lallaɓa shi kamar ƙwai. Ko musu an daina yi da shi, shi kuwa mutum ne da in bai yi musu ba abinci ba ya faɗa masa.

Ran nan abokinsa, wani tsohon direba, ya kawo yadi mai tsada da zai sa ranar auren autarsa. Suka taɓa tsiya kamar yadda suka saba, direban ya yi sallama. Telan ya bi shi waje don ya tambaye shi irin maɓallin da yake so, sai ya hango mutum biyu a lungun bayan shago. Ɗan telan ne ya shimfiɗa tef a kafaɗar direban, yana sauri yana waige-waige. Direban ya tsaya ƙiƙam ya ware hannu, da gani an gama magana da shi tuntuni. Telan ya koma ciki, abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ɗan ya dawo ya hau keke. Tsohon ya shimfiɗa yadin, ya ja alli, ya buɗe bakin almakashi. Kafaɗar direba sha takwas da rabi ce, ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. To amma wanda ya manta, ai shi ma ji yake ya sani. Wannan tunanin ne ya riƙe masa hannu, ga shi yadi in an yanka an yanka. Ya daɗe a tsaye har ya ji keken ɗansa ya yi shiru a bayansa.

"Kafaɗar nan," ya ce bai juya ba, "nawa ka samu?"

Ɗan ya fara kame-kame, wai shi bai gane ba.

"Na gan ku. Faɗa mini."

"Sha takwas da rabi, Baba."

Kafin ya ce wani abu ɗan ya taso, ya ɗora tef a kan layin allin, ya duba, ya sake dubawa. Fuskarsa ta washe, baki har kunne.

"Daidai ne, Baba! Ka yi ƙoƙari wallahi."

Da wannan muryar ɗan yake yabon 'yarsa in ta ɗaure takalminta da kanta. Tsohon ya dube shi, ya ga ba raini a idonsa ko ɗigo, tsoro ne da tausayi, ya kuma san gobe ma sai an duba, shi ma sai ya tambaya. Ya ajiye almakashin a kan yadin a hankali.

"Yanka," ya ce.

Ya ja ƙafa zuwa bencin da masu kawo ɗinki ke jira, ya zauna.