Tukunyar da Ba Ta Ƙone Ba

"Tukunyar Taiwan ce ta sha wutar garin nan ba ta ƙone ba? To, ikon Allah."

Kawu Domeng ne ya faɗa wa matarsa haka a bayan madafarmu, ina tsugune ina ɓare tafarnuwa. Bai san ina wurin ba. Ni dama ba a cika lura da ni ba.

Tukunyar shinkafa ce ta lantarki, Yaya Divina ta kawo wa Inna tsaraba. Ta ce a birnin Kaohsiung na Taiwan ta saya, inda take jinyar wata tsohuwa. Tun da ta dawo gidanmu bai rabu da mutane ba. Can, in ji ta, famfo ruwan zafi yake kawowa, asibiti kuwa kowane layi akwai. Mu nan tsibirin Batan, teku ta yi fushi jirgin kaya ya ƙi zuwa, shinkafa ta ƙare a kanti, sai doya da busasshen kifi. Inna ta riga ta sayar da saniyarmu don in bi Yaya in ta tashi komawa.

Na samu Kawu yana gyaran koma a bakin ruwa. Ya taɓa aiki a jirgin kamun kifin 'yan Taiwan.

"Kawu, me ya sami fankar da ka kawo daga can?"

"Ke Nenet, ashe kina magana?" Ya yi dariya. "Ina jona ta ta yi tas, hayaƙi ya cika ɗaki, goggonki ta fita da gudu ba takalmi. Wutarsu rabin tamu ce. Kayansu ba ya jure tamu."

"Ko sabo ne?"

Ya dube ni, ya mayar da kai kan komarsa. "Je ki, 'yar nan, rana na yi."

Da na koma gida na kifa tukunyar. An kankare takardar kamfani da ke gindinta, sai danƙo. Daga nan na fara sa ido. Yara suka ce Yaya ta ƙirga musu da yaren can, ta ce kanta na ciwo. Hoton da take nunawa na dogon bene, ba ta cikinsa. Wayarta in ta yi ƙara sai ta zagaya bayan katanga, kuma da Tagalog take raɗa, yaren Manila, babban birnin ƙasarmu.

Inna kuwa kullum sai ta goge tukunyar da tsumma. "Ke ma ki kawo mini ta ruwan zafi, kin ji? Kada ki je can ki yi ta sunkuyar da kai."

Da safe muka fita shanya tafarnuwa ni da Yaya. Hannunta duk ya tsage, kamar na mai wankau.

"Kin haɗa kayanki, malama kurma?" ta ce. "Bar tsummokaran nan, can ko shara ta fi su kyau."

Na yi ta juya tafarnuwar da na riga na juya.

"Yaya," na ce, "tukunyar nan ba ta ƙone ba."

Hannunta ya tsaya.

"In na bi ki, ina za ki kai ni?"