Littafin Jirgi da Fasfon Murja

Allon ofishin biza na jami'ar ya nuna lamba ɗari da tara, takardar da ke hannun Murja kuwa ɗari da arba'in da biyu ce. Ta gyara zama, ta ja mayafinta saboda sanyin na'ura. 'Yarta Hadiyya, mai shekara tara, ta riga ta baje littafin a cinyoyinsu su biyu.

A kasuwar Chow Kit Murja ta saye shi, wurin wani tsoho mai kasa tsofaffin littattafai kusa da masu kifi, har yanzu bangonsa da ɗan ƙarni. Tarihin ƙaton jirgin ruwan nan ne da ya yi karo da dutsen ƙanƙara ya nutse a shekarar 1912, kowane shafi da zane. A tsakiya akwai doguwar takarda da ake warwarewa, an tsaga jirgin kamar kabewa: masu hali a sama da fitilu da kafet, iyalai masu neman sabuwar ƙasa can ƙasa kusa da injin.

Shekara bakwai Murja ta yi tana koyar da tarihi a makarantar 'yan mata a Gusau kafin ta biyo mijinta Zulkiflu, da ya zo nan ƙasar waje yin digiri na uku. Takardar zamanta ta matar ɗalibi ce, ba ta ba ta damar yin aiki ba. Shekara biyar ke nan ajinta bai wuce yarinya ɗaya ba, a bene na goma sha bakwai a unguwar Sentul. Da Hausa take bayyana mata hotunan, ita kuma ta amsa da Turanci.

Makon jiya wasiƙa ta zo daga gida. Hutun da makarantar ta ba ta ya ƙare, an ƙara, ya sake ƙarewa. In ba ta bayyana ranar ɗaya ga wata ba, za a cike gurbinta. Saura kwana goma sha tara, fasfonsu su uku kuwa wata huɗu ke nan suna ofishin nan ana sabunta biza.

Hadiyya ta tsaya a shafin da ake sauke ƙananan kwale-kwale. Ta ɗora yatsa kan wata tsohuwa da aka zana ta juya wa kwale-kwale baya ta riƙe hannun mijinta, ta tambaya ko so ne wannan ko wauta.

Murja ta daɗe tana duban zanen.

"Ban sani ba," ta ce. "Ita dai an tambaye ta."

Sai bayan azahar aka kira lambarta. Ma'aikaciyar, wata Bamalaya mai lulluɓi ruwan hoda, ta saurare ta da haƙuri, ta duba kwamfuta, ta ce har yanzu ana kan aiki. Murja ta tambaya ko za ta iya karɓar nata fasfon haka nan.

"Boleh," in ji matar, wato ana iyawa.

Amma ta yi mata bayani dalla-dalla. In ta janye, an soke zamanta ke nan, kuma cikin mako biyu za ta bar ƙasar. Na yarinyar kuwa a haɗe yake da na ubanta, ba ya fita sai an gama nasa, kuma ba wanda zai ce ga ranar. Ta turo mata fam ta ƙarƙashin gilashi, ta nuna layin ƙarshe da biro. Ba hannun Murja ake buƙata a nan ba, na ɗalibin ne.

Suka sami Zulkiflu a shagon mamak da ke bakin ƙofar jami'a, inda ɗalibai ke shan shayi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu, ga babi na biyar na kundin digirinsa a gabansa malaminsa ya yi masa ja-ja da biro. An fara ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana zuba daga rumfa har ba a ganin ƙetaren titi. Hadiyya ta koma teburin gefe da littafinta da kofin Milo.

Murja ta ajiye fam ɗin a kan babin. Ya karanta sau biyu, sannan ya fara cewa malamin nasa ya tabbatar masa saura wata shida. Bai kai ƙarshen maganar ba, don shi ma ya san sau nawa ya faɗe ta. Murja ta zo da shirin gardama, ta tanadi amsar kowace hujja tun a cikin layi. Ba ta sami inda za ta sa ko ɗaya ba.

"Ni ba ni da fuskar komawa hannu rabbana," ya ce a hankali. "Ke kuwa kina da ajin da ke jiranki. Na riƙe ki ya isa."

Ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya turo mata.

Ta dubi takardar. Duk watannin nan tana ganin ofishi ne ya tsare ta, ko shi, ko wannan gari mai zafi da ruwa. Ga shi duk sun matsa gefe. A teburin can Hadiyya ta sunkuya tana ƙirga kwale-kwalen da yatsa, kitsonta ya fara tsufa ta wajen ƙeya.

Zulkiflu ya ce ana rufe ofishin ƙarfe biyar, amma in tana so ta kwana da shawarar, gobe ma rana ce. Murja ta ninke fam ɗin biyu, ta miƙe, ta ɗauki lemarsa da ke jingine da kujera.

"Abban Hadiyya, ran Asabar ake wanke mata kai," ta ce. "Wannan Asabar ɗin kada ka fita. Ka tsaya ka ga yadda ake yi."