Kafaɗar Ditta

"Ki ce masa ya jira tukuna," in ji Karamat Cheema daga kan gado.

Matarsa Kausar ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin riƙe da kwanon romon kaza, tana kallona kamar ni zan raba gardamar. Ditta ne ya kawo romon, yana waje, yana so ya shigo ya duba mara lafiya. Na ce, "Pa ji, mutumin nan tun safe yake ƙofar gidanka." Karamat ya juya fuskarsa bango, ya ce ai ba a hana kowa zama ba, dakali yana nan.

Na fita ina ƙulla ƙaryar da zan yi, sai na tarar Ditta ya riga ya zauna a dakalin, ya lulluɓe gwiwoyinsa da mayafi saboda sanyi. Bai ma bar ni na buɗe baki ba. Ya ce ya ji komai, ba damuwa, Pa ji ya san abin da yake yi. Wannan magana tasa ta fi komai ba ni haushi a duniya, don na daɗe ina jin ta, kuma ban taɓa jin ta a inda ta dace ba.

Bango ɗaya ne tsakanin gidana da na Karamat a nan garin Gojra, ƙasar Pakistan. Ni gyaran fanka nake yi, shi kuma yadi yake sayarwa kafin ciwon hanta ya kwantar da shi. Dukanmu "Pa ji" muke ce masa, wato yaya, don ya girme mu, kuma shi ya koya wa yawancinmu riƙon sandar hoki, wasan da ake buga ƙwallo da sanda. Kowace Lahadi bayan sallar asuba mukan haɗu a filin bayan tashar jirgin ƙasa, magidanta masu tumbi da ciwon gwiwa, mu raba kanmu biyu mu buga har rana ta ɗaga, sannan mu wuce wurin mai shayi mu yi ta gardama kan ƙwallon da ba wanda zai tuna da ita gobe. Ba kofin gasa, ba kyauta. Doka ɗaya muke da ita, cewa duk wanda ya zo da sanda zai buga. Da yake mun fi guraben yawa, kyaftin ne ke kiran canji, wanda ya gaji ya fita, na bakin layi ya shiga.

Karamat ne kyaftin ɗin ɓangarenmu, kuma ba zan zalunce shi ba don ya mutu. Ɗan wasa ne na gaske. Ko da furfura, in ya ɗauki ƙwallo sai ka ga kamar da zare ya ɗaure ta a sandar. Kuma ba ya cin haram a fili. Na sha ganin ya tsayar da wasa da kansa ya ce ƙwallo ta taɓa ƙafarsa, alhali ba wanda ya gani. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya iya jure a ci shi, ko da a wasan da ladansa kofin shayi ne.

Shi kuwa Ditta facin tayar keke yake yi a bakin kasuwa. Gajere ne ƙwarai, kansa da ƙyar yake wuce hammatar yawancinmu, kuma gaskiya ita ce bai iya hoki ba. In ya kai wa ƙwallo duka, ƙasa ce ke shan wahala. Mun sha ce masa ya yi haƙuri ya bar mana filin, ba gonar rake muka zo nomewa ba, shi ma ya taya mu dariya. Amma kullum shi ke fara zuwa. Kafin mu iso ya ja layi da farar ƙasa, ya ɗaura raga, ya cika tulun ruwa. Da an fara wasa sai ya tsaya a bakin layi da sandarsa, ƙwallo ta yi gabas ya bi ta da ɗan gudunsa, ta yi yamma ya dawo. Lokaci-lokaci ya ce, "Pa ji, ni fa?" Karamat ya ce, "Jira tukuna." In ana cinmu, ya jira sai mun rama. In muna ci, ya jira kada a rama. Sau da yawa sai an fara neman takalma sannan a ce ya shiga.

Na yi faɗa da Karamat a kan wannan ya fi a ƙirga. Akwai ranar da na jefar da sandata na tafi gida, na yi wata guda ban taka filin ba. Ditta ne ma ya biyo ni shago yana ba ni haƙuri, wai kada a ɓata zumunci saboda shi.

Da asibitin Faisalabad suka dawo da Karamat gida suka ce a yi ta addu'a, 'ya'yansa biyu suna aiki a Lahore, Kausar kuma ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba. Sai 'yan Lahadi muka raba zaman jinya a tsakaninmu, kowa da yininsa. Karamat ya ji sunayen, ya amince da kowa, ya cire Ditta. Makon farko kowa ya cika alkawari. Daga nan uzuri ya fara yawa, wannan bikin ɗiyarsa, wancan ana yankan rake a gonarsa. Ban ga laifinsu sosai ba, zama da mai ciwon hanta ba wasa ba ne. Wanda bai taɓa fashi ba shi ne wanda aka cire. Ya kwaso kayan facinsa daga kasuwa ya dasa su a ƙofar gidan, yana aikinsa a hankali, yana korar masu babur mai ƙafa uku in sun cika hayaniya, yana zuwa sayo magani in Kausar ta leƙo. Har ya zama ta fi kiran sunansa a kan namu.

Ran Alhamis ina shafa wa Karamat mai a ƙafa, sun kumbura har suna ƙyalli, muna jin ƙarar famfon Ditta daga waje yana hura taya. Haƙurina ya ƙare. Na ce, "Pa ji, shekara da shekaru ka ajiye bawan Allahn nan a bakin layi, yanzu kuma ka ajiye shi a bakin ƙofa. Me ya yi maka ne?"

Ya juyo ya dube ni.

"Bai yi min komai ba, Mushtaq. Abin da ya dame ni ke nan. Da ya taɓa zagina, ko ya jefar da sanda ya yi fushi irin naka, da tuni na kira shi mun shirya. Amma mutum ya shigo yana yi min murmushi, yana ce min Pa ji ya jiki, da wane ido zan kalle shi?"

Na ce da idon da yake kallon kowa, ai ba a canza masa wasu ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ni ban taɓa gyara komai ba sai fanka. Da ya huta ya shafa gemunsa da ya yi buzu-buzu, ya ce ba zai yarda Ditta ya gan shi haka ba, kamar tsohon buhu. Ran Lahadi in mun tashi daga fili, in zo masa da wanzami, a sa masa farar riga, a jingina shi da filo, sannan Ditta ya shigo su yi magana irin ta maza. Na ce me ya hana yau, wanzami yana nan bakin layi. Ya ce Lahadi ya ce. Har a gadon mutuwa mutumin nan shi ke kiran canji.

Na tashi zan wanke hannu sai ya riƙe min gefen riga.

"In kuma ban kai ba, ranar da za ku ɗauke ni ka sa ido a kansa. Ka san ba zai kutsa ba. Gefe zai bi yana jiran a kira shi, ni na mai da shi haka. Kai ka kira shi."

Na ce ya daina wannan magana, shi zai kira shi da bakinsa. Na fita na gaya wa Ditta cewa Lahadi zai shiga. Ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya goge tafinsa a jikin wando, ya tambaye ni ko Pa ji yana iya cin lemo yanzu, don akwai mai zaƙi a kasuwa. Farin cikin da na gani a fuskarsa ya sa na ji tausayinsa.

Karamat bai kai ba. Ran Asabar da hantsi ina gida na ji kukan Kausar ta bango. Kafin in zagayo, matan layi sun cika tsakar gida. Ditta yana tsaye a gaban ƙofar, a buɗe take, ba mai tsare ta, amma bai shiga ba. Ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya yi salati a hankali, sannan ya tattara kayan facinsa ya kai su bayan gida, ya ari tsintsiya ya fara share layin inda za a shimfiɗa tabarmi. Na ji haushin Karamat a lokacin, na kuma ji kewarsa, duka biyun a tare.

Bayan la'asar aka fito da shi. 'Ya'yansa sun iso, dangi sun zo daga ƙauye, 'yan kasuwar yadi sun rufe shaguna, ga 'yan hoki har waɗanda muka daina gani tun da daɗewa. An ɗaura dogayen gorori a jikin gadon igiyar da aka ɗora shi a kai, don mutane da yawa su samu sa kafaɗa. Aka kama hanyar maƙabarta, ana kiran kalmar shahada, wannan ya shiga ta gaba, ya ja baya a hankali, ya fita ta ƙarshe, wani ya maye gurbinsa. Kowa yana so ya samu rabonsa, don haka akwai 'yar turereniya. Mai ƙarfi ya shiga sau biyu, sau uku.

Na neme shi na gan shi. Yana can gefen hanya, kusa da kwata, yana bin gadon da ɗan gudunsa, in an tsaya ya tsaya, in an ci gaba ya ci gaba. Idonsa na kan gorar. Sau ɗaya ya miƙa hannu, wani ɗan kasuwa mai faɗin ƙirji ya riga shi, ya janye hannun ya koma gefe.

Mun wuce gadar magudanar ruwa, bishiyoyin maƙabarta sun fara bayyana. A daidai nan 'yan Lahadi suka karɓi gadon gaba ɗaya, Anwar Sandhu, wanda ya fi kowa tsawo a cikinmu, yana gaba ta dama, ni ina bayansa. Ban taɓa kiran canji ba a rayuwata sai ranar.

"Ditta, shigo."

Ya waiga bayansa, ko akwai wani mai sunan.

"Kai nake nufi, mutumina. Pa ji ne ya ce in kira ka."

Ya tsallako kwatar, na zame na ba shi wurina. Ya tsaya a ƙarƙashin gorar, sai kafaɗarsa ta kasa kaiwa. Tsakaninsu ya fi taƙi guda. Ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa bai kai ba, sai ya ɗaga hannu biyu ya riƙe gorar a saman kansa, yana tafiya haka, ba wani nauyi a jikinsa. Na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya fara dube-dube yana neman wanda zai ba wurin.

Sandhu ya waigo ya gan shi. Sai ya lanƙwasa gwiwa. Gadon ya karkata, na hagu suka ji a kafaɗunsu, su ma suka rusuna, na baya suka bi. Gorar ta sauko a hankali har ta zauna a kafaɗar Ditta, na ga nauyin ya danna shi, ya gyara tsayuwa ya karɓa.

Tafiya ta ragu ƙwarai. Mutanen baya suka fara tambayar abin da ya faru, wani dattijo ya ce a yi sauri rana na faɗuwa. Bayan ɗan lokaci Ditta ya juyo da ido wajena, yana jiran in ce ya fita, don ya san akwai masu jira kuma ba ya son ya ci rabon kowa. Na kau da kai na kalli gonakin rake.

Haka suka ƙarasa da shi har ƙofar maƙabarta, tsofaffi masu ciwon gwiwa suna tafiya a rusune, suna nishi ƙasa-ƙasa, gadon yana tafe daidai tsawon kafaɗar Ditta.